Labari ba ya jiran littafin ƙa'ida

Hukuncin da aka yanke a zamanmu na wasa ranar Asabar a nan Garwa ta Kamaru, cewa a jingine labarin kasadar da ƙaninmu ya rubuta har sai sababbin littattafan Dungeons & Dragons (wasan da ake zama a tebur, kowa ya zama jarumi a cikin labari bisa ƙa'idojin littafi) sun iso hannunmu, ragwanci ne kawai aka naɗa wa rawanin hikima. Wai yaron ya riga malam masallaci. To, ranku ya daɗe, malaman ƙa'ida, wane ɓangare ne na labarin nasa yake jiran izinin wani kamfani da ke Amurka?

Na karanta rubutun daga farko har ƙarshe. Ayarin fatake ne ya iso bakin Binuwai da tsakar damina, kogi ya cika ya batse, mai kwalekwale ɗaya ne ya rage, shi kuma ya rantse ba zai ƙara tsallakar da kowa ba tun ranar da dorina ta kife da ɗan'uwansa. A cikin ayarin akwai mai ɗauke da wasiƙar lamiɗo, akwai kuma wanda aka biya domin kada wasiƙar ta isa. 'Yan wasa ne za su zaɓa ko su lallashi mai jirgin, ko su yaudare shi, ko su zagaya ta tudu su yi asarar kwanaki. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da sabuwar ƙa'ida za ta taɓa. Abin da za ta taɓa lambobi ne, wato ƙarfin dorinar, da yawan dukan da za ta sha kafin ta faɗi, da adadin da ɗan wasa zai samu idan ya jefa ɗan ludo mai fuska 20. Wannan aikin yamma ɗaya ne ga mai fensir da magogi.

Su kansu masu kamfanin wasan ba su jira ba. A watan Agusta na 2014 kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da labarin Hoard of the Dragon Queen, wanda wani kamfani mai suna Kobold Press ya rubuta masa a lokacin da ake kan gyaran ƙa'idojin bugu na biyar na wasan, kuma littafin dodanni bai fito ba sai daga baya, na mai jan labari, wato wanda yake jagorantar wasan, kuwa sai Disamba. A sabon zagayen ma haka aka yi: littafin 'yan wasa a Satumba 2024, na mai jan labari a Nuwamba, na dodanni sai Fabrairu 2025. Shin duniya ta naɗe hannu a cikin waɗannan watanni? Kamfanin ma da bakinsa ya ce tsofaffin labaran bugu na biyar za su ci gaba da aiki da sababbin littattafan.

Na san za a tunatar da ni cewa wancan labarin na 2014 ya sha suka, domin wasu faɗace-faɗacen da ke cikinsa sun fi ƙarfin sababbin jarumai, har sai da aka gyara a bugun 2019. Gaskiya ne, amma su sun buga lambobinsu a takarda sun sayar wa duniya, mu kuwa muna zaune ne a kan tabarma ɗaya, kuma idan dorina ta yi yawa mai jan labari zai rage mata ƙarfi nan take ba tare da kowa ya sani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron kansa. Mu da littafi yake daɗewa kafin ya iso gare mu, fassarar Faransanci kuma takan biyo bayan ta Turanci, idan muka ce sai an jira, ba za mu taɓa rubuta namu ba, sai dai mu dawwama muna yawo a gidajen sarakunan Turai. Wanda ya kawo mana Binuwai da lamiɗo a kan tebur ya cancanci a zauna a buga labarinsa da ƙa'idar da ke hannu.

Sannan wanda ya tafi da ɗan ludon nan mai fuska 20 bayan zaman, don Allah ya dawo da shi kafin Asabar, domin ba a sayar da irinsa a kasuwarmu, kuma ko an amince da labarin ba za a iya buga shi ba sai da shi.