An raba aure, an ɗaura wani, ba a tambayi 'ya'ya ba

Jiya da dare a fadarmu, ko shayi na biyu ba a sauke ba gardama ta kaure. Wani ƙanenmu ne da ya gama lise, wato babbar sakandare, bana ya ce shi dai a fahimtar da shi abu guda: wannan AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, da ake ta yi wa kirari, me za ta ƙara masa a aljihu ko a takardarsa? Bai rufe baki ba aka yi masa caa. Wannan ya ce zancen ƙasa ne, yaro bai san zafin Faransa ba. Wancan ya ce an saye shi. Ni dai na yi shiru ina juya kofi, don amsar da aka ba shi ba ta kai tambayarsa ba, kuma abin ya kwana yana cina. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Mai zagi ga fili nan ƙasa.

Tun farko in wanke kaina, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da wasu ke kira ECOWAS, ba ta bina bashin komai. Ina nan Maraɗi lokacin da aka kifar da shugaba Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ina nan kuma bayan kwana huɗu da shugabannin CEDEAO suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba mana takunkumi. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da muke sha. Abokina mai walda ya sallami yaransa uku, ya koma zama bakin shago yana korar ƙuda. Mahaifiyata Bakatsiniya ce. A cikin damanar nan yayarta ta rasu a Jibiya, sai da muka bi daji a kan kabu-kabu, tsohuwa tana riƙe da hijabi da hannu ɗaya, ɗayan ta ƙanƙame rigar yaron da ke tuƙi, taɓo har gwiwa, kamar masu fasa-ƙwauri. Gaisuwar mutuwa fa za mu. Waɗanda suka yi juyin mulkin ba su kwana cikin duhu ba, mu muka kwana. Saboda haka ranar 28 ga Janairun 2024 da aka ce Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO, har da ni a masu tafi.

To, an gama tafi, sai a zauna a yi lissafi.

Ku dubi saurin abin. Ranar 16 ga Satumban 2023 aka sa hannu a yarjejeniyar Liptako-Gourma da ta kafa AES, wadda a lokacin maganar tsaro ce zalla: in an taɓa ɗaya an taɓa duka. Ranar 6 ga Yulin 2024 a Yamai ta zama tarayyar ƙasashe uku, shugaban Mali Assimi Goïta ya fara riƙe ta. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewa ta tabbata, aka fito da sabon fasfo. Wata goma sha shida ke nan, an bar gidan da aka zauna tun 1975 an tare a sabo, kuma a cikin ƙasashen uku babu inda aka kafa akwati aka ce jama'a ku zaɓa, a fita ko a zauna. Alhali kusan rabin mutanen Nijar ba su wuce shekara 15 ba. Su ne za su tsufa a wannan gida, su za su biya bashin gininsa. Na san wani zai ce ai Ibrahim Traoré, shugaban Burkina Faso, ma matashi ne, haihuwar 1988. Gaskiya ne. Amma don sa'anka ya hau kujera ba shi ke nuna an yi shawara da kai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne taswira, ita kuwa ba ta jin kirari. Daga Maraɗi zuwa Katsina kilomita 100 ba ta cika ba. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura 600, kafin ka ƙara wajen 500 ka isa Wagadugu, Bamako kuwa sai ka yi guzuri. Dabbobinmu Jibiya da Illela da Maigatari suke sauka. Wakenmu da riɗinmu Dawanau suke nufa. Albasar Galmi a Akara da Abijan ake sauke ta. In kaka ta wuce samarin ƙauyukanmu suka ɗaura jaka, ina suke zuwa ci-rani? Kano, Legas, Kwatano, Abijan. Mai shayi, mai gadi, mai ga-ruwa, mai yankan farce, duk a ƙasashen da muka ce mun bar ƙungiyarsu suke neman na sawa a bakin salati. Ko Hausar da aka ɗaga ta zama harshen ƙasa a watan Maris na 2025, abin da na yi murna da shi ƙwarai, a Kano da Sakkwato za ka yi ciniki da ita. A kasuwar Bamako sai ka nemi tafinta.

Tun 1979 akwai yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasar CEDEAO damar shiga wata ba biza, ya yi kwana 90. Yanzu an ce za a ci gaba da karɓar takardunmu har zuwa lokacin da za a sake shawara, AES ma ta ce ƙofarta a buɗe take ga 'yan can. Madalla. Sai dai abin da jiya haƙƙinka ne, yau alfarma ake yi maka, mai alfarma kuwa ranar da ya tashi da ɓacin rai sai ya janye abarsa. Ko lokacin da takardar ke hannunmu ba ta hana gwamnatin Shagari korar baƙi sama da miliyan ɗaya a 1983 ba, ciki har da iyayenmu, ba ta hana Buhari garƙame iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ba. Ana da takarda ma ga yadda aka kwashe, ina ga babu?

Ba na raina abin da ya haɗa ƙasashen uku. Saurayin Tera ko Ayoru, can yammacin Nijar, da aka kora daga gonarsa, wanda makarantarsa ke rufe shekara da shekaru, shi rundunar haɗin gwiwa ta soja 5,000 da aka yi shelarta maganar rai ce gare shi, Allah ya ba su nasara. Amma mu a Madarunfa da Gidan Runji, masu satar mutane daga dazukan Zamfara da Katsina da Sakkwato suke ɓullowa su koma. Wannan ciwo ba ya warkewa sai an zauna da Abuja, ana so ko ba a so.

An yi tuta, an yi take, an yi fasfo, an sa harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga waje. Sefa dai tana nan ɗaure da yuro yadda aka bar mana ita, amma wannan zancen wata rana ne. Ni ma'aunina ƙarami ne, kuma a bakin shinge yake. Bara na yi tafiya a motar haya, aka tsayar da mu a wani shinge, aka tattara katunanmu aka shige da su rumfa. Kowa sai ya bi katinsa. Nawa lafiyarsa lau, kwanansa bai ƙare ba, mutumin ya juya shi gaba da baya ya ce, “To, na shayi fa?” Jaka guda na ajiye kafin na karɓo abina. Wani yaro ɗan ci-rani da ba shi da ko dala aka bar shi a rana har direba ya gaji ya biya masa. In sabon fasfo zai zo hannun nan yana nan a miƙe, to launin bango kawai aka canza mana.

Tarayyar shugabanni ba sabon abu ba ne a yankin nan. Senegal da Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, sun haɗu a 1959 da sunan Tarayyar Mali, watan Agustan 1960 bai ƙare ba Senghor da Modibo Keïta suka raba gari. Senegambiya ta yi daga 1982 zuwa 1989 ta watse. Duk a sama aka ɗaura su, da manya suka saɓa babu wanda ya fito ya yi kuka a ƙasa, don babu wanda abincinsa ya rataya a kansu. Turawa sun gane wannan, tun 1987 suke tura ɗalibansu karatu ƙasashen juna da shirin Erasmus. Ni abin da nake son ji daga Yamai ke nan: ɗalibi nawa daga Damagaram za a ba gurbi da kuɗin karatu a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso, shinge nawa za a cire tsakanin Yamai da Wagadugu, wa ke zaune da Najeriya a kan makomar 'yan ci-raninmu, kuma jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wa ke bibiyarsa ta ɓangarenmu?

Kuma a ina za mu yi tambayar? An rusa jam'iyyu a Maris na 2025, an ba Janar Tiani, wanda ya kifar da Bazoum, shekara biyar a kan mulki. Fada da Facebook suka rage mana, nan ɗin ma in ka buɗe baki sai a ce kai ɗan Faransa ne. Yaron da ya yi tambaya jiya ko Yamai bai taɓa zuwa ba, balle Faris.

Da aka watse ya biyo ni har ƙofar gida. Ashe mako mai zuwa zai raka kawunsa Kantin Kwari saro atamfa, karonsa na farko. Ya ce, “Yaya, wace takarda zan riƙe?” Na ce ya haɗa duk wadda yake da ita, tsohuwa da sabuwa, ya sa a leda saboda gumi, sannan ya ware canji a aljihun gaba kada ya fito da kuɗin kawu a gaban kowa.