Vespar Baba da neman orijina

Babanmu ya sayi Vespa ɗinsa a 1975 da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, lokacin yana malamin firamare. An biya su ariyas a dunƙule, wani ya ƙara aure, wani ya sayi rediyo mai kaset, shi kuwa ya kinkimo Vespa Super 150 ruwan toka, ƴar Italiya ta kamfanin Piaggio. A kanta muka girma, ina tsaye a gaba tsakanin ƙafafunsa na riƙe kai ina jin ni ne direba. Da ƙafa ta fara damunsa sai aka tura ta ɗakin shirgi, ta fi shekara ashirin a can, kaji har ƙwai suke yi a wajen ɗora ƙafa.

Bara na ga hoton irinta a Facebook an gyara tana ɗaukar ido, kawai sai na tashi na yi rantsuwa a gaban mutanen gida cewa sai na tayar da ta Baba, kuma ko noti ɗaya na jabu ba zan ɗaura mata ba, komai sai orijina. Uwargida ko kallona ba ta yi ba ta ce Allah ya taimaka, in dai ba kuɗin cefane za a taɓa ba. An taɓa.

Bakaniken unguwarmu na fara kai wa, yaron nan ba abin da ya sani sai Boxer da Jincheng da adaidaita, ya zagaya ta sau biyu ya durƙusa ya leƙa ƙasa ya ce oga ai cen ɗin ma an cire. Vespa fa ba ta da cen, injin ne ke juya tayar baya kai tsaye. Na ja abata. Da ƙyar aka yi min kwatancen wani dattijo a Fagge, gilashinsa ɗaure da waya, yana ganinta ya shafa mata kai kamar ya ga ƴar uwa. Ya lissafo min kaya: fiston da ringi, kebur ɗin giya guda biyu, na kuloci, kafireta, sai murfin gefen dama mai rufe inji wanda babu shi kwata-kwata, da madubi. Ya ce ɗana in ka bi tawa kayan Bajaj za mu sa mata, ai Chetak ɗin Indiya daga jikin Vespa aka ɗauko ta, da yawa suna shiga daidai. Na ce Baba ni fa orijina. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, irin faɗin da likita ke yi in ya ga mara lafiya ya ƙi allura.

Na shiga Sabon Gari. Duk shagon da na ce Vespa sai a kira maƙwabci ya zo ya kalle ni, har na samu wani ya ce kwastoma zauna, ya aika yaro, aka yi kusan awa ɗaya sai ga kwali mai kyau an rubuta Italiya da turanci amma an manta harafi ɗaya, ni kuma zumuɗi bai bar ni na karanta ba sai da na biya. Dattijo ya juya fiston ɗin a hannu ya ce wannan ko taswirar Italiya bai taɓa gani ba.

Kafireta ce ta fi wahalar da ni, dan an ce min tata ta asali Dell'Orto ce, na haddace sunan ina yawo da shi kamar laƙani. Wani a Legas ya turo min hoto a WhatsApp, ga sunan ɓaro-ɓaro a jiki, yana ta kirana Alhaji, ni da ko Jidda ban taɓa sauka ba, na tura dubu arba'in na zauna jiran webil. Kwana biyar na je tasha na karɓo ƙunshi an naɗe shi da salatif kamar za a kai shi wata duniya, na buɗe, kafiretar ƙaramin janareto ce, ita ma tsohuwa. Na kira, layi a kashe har yau. Uwargida ta ce ba asara ba ce tunda namu janareton ma yana tari, kuma wallahi da aka ɗaura masa ta yi, wannan ya fi komai ƙona min rai.

Sai aka ce in gwada wajen ƴan gwangwan a Ƙofar Ruwa. Ranar Asabar tun safe nake tonon tulin ƙarafa da farin yadina, tsatsa har cikin hanci, can wajen la'asar na hango shi a ƙarƙashin wata tsohuwar fanka. Murfin gefen dama, ruwan toka sak irin tamu, ko fenti ba sai an sake ba. Kuskurena ɗaya da na yi kabbara da ƙarfi. Mai kayan da da farko ko ɗago kai bai yi ba sai ya miƙe ya ce ai wannan wani bature ma ya yi magana a kansa. Muka yi ta ja, ya sallama dubu talatin da biyar, na rungumo shi a adaidaita ko ajiyewa ban yi ba.

Kai tsaye na wuce wajen Baba, na tara Hajiya da autanmu na ce ku zo ku ga abin da ake kira orijina. Baba ya sa gilashi ya juya murfin, ya daɗe yana kallon wata loɓawa a gefe sannan ya ce wannan ba nan ne ka buga da taɓarya kana yaro ka ce akuya ce ta ture ta ba? Ya kifa shi, ga harufan sunansa a ciki da jan fenti da hannunsa ya rubuta. Na waiga, auta ya kai bakin zaure yana lallaɓawa. Ashe shi ya sayar wa ɗan jari bola, aka ɗora a sikeli aka ba shi dubu ɗaya da ɗari biyar ya sa data.

Ina cikin salati Baba ya ce wai kafiretar da kake ta nema fa, wacce iri ce? Na ce Dell'Orto. Ya ce Hajiya miƙo min gwangwanin madarar nan na ƙarƙashin gado. Tana ciki a naɗe da tsumma, ya ce yoyon mai ta fara ya cire ta ya sa ta Bajaj tun ina firamare, kuma da ta Bajaj ɗin ya yi ta kai mu makaranta. Na ce Baba wata huɗu ina yawo ba ka faɗa min ba? Ya ce ka tambaye ni?

Yanzu dai tana tashi, in an haɗa mata fetur da baƙin mai an ɗan karkata ta gefe an yi kik kamar sau goma sha biyu. Fiston na Bajaj ne, dattijo ya sa bai ce min komai ba ni ma ban ce masa komai ba. Saura madubi. Jiya auta ya same ni yana sosa ƙeya ya ce Yaya in za ka ba ni na mota, ina jin na san inda za a samu orijina.