Da me ake auna ingancin bayanin kayan aikin wakilan AI?

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da kamfanin OpenAI ya ba manhajojinsa damar kiran wasu manhajoji su yi musu aiki, zuwa Nuwamban 2024 da kamfanin Anthropic ya fitar da MCP, wato tsarin bai ɗaya na haɗa manhajojin AI da kayan aiki na waje, masu gina wakilan ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajojin da ke aiwatar da ayyuka a madadin mutum, suna ta samar musu da kayan aiki iri-iri, wato shirye-shiryen kwamfuta da wakili ke kira su yi masa wani aiki. Kowanne yana zuwa da suna, da bayani cikin harshen mutane, da jerin guraben da za a cike waɗanda ake tsarawa da JSON Schema, wata ƙa'ida ta fayyace irin bayanan da kowane gurbi zai karɓa. Wakilin ba ya ganin abin da ke cikin shirin kwamfutar. Da wannan rubutun kaɗai yake yanke shawarar abin da zai ɗauka da yadda zai yi amfani da shi.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake tantance wannan rubutu. Galibi wanda ya gina kayan aikin shi ne yake rubuta bayanin, shi ne kuma yake karantawa ya ce ya yi daidai, alhali duk giɓin da ya bari, saninsa ne yake cike masa shi ba tare da ya lura ba. Idan ya rubuta cewa a saka kwanan wata, shi ya san tsarin da yake nufi, amma 03/04/2025 a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila kuwa 3 ga Afrilu, kuma ambaton ISO 8601, tsarin rubuta kwanan wata na ƙasa da ƙasa, tare da misali ɗaya zai kawar da ruɗanin. Haka yake a batun kuɗi: Stripe, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, yana karɓar adadin dala a ƙaramin ma'auninta, wato 100 na nufin dala ɗaya, saboda haka bayanin da ya ce "adadi" kawai yana iya sa wakili ya yi kuskuren ninki ɗari, kuma shirin ya karɓa ba tare da ƙorafi ba.

A ganina, shaidar da ta fi kowace ƙarfi ita ce abin da wakilin ya aikata bayan ya karanta. A tara buƙatu na gaske irin waɗanda mutane suke kawowa, har da masu harshen damo, a ba shi kowace sau da dama domin amsarsa takan bambanta daga gwaji zuwa gwaji, sannan a duba ko ya zaɓi kayan da ya dace, ko ya cike guraben daidai, ko kuma ya haƙura a inda babu kayan da ya dace. Wannan na ƙarshe shi ake yawan mantawa, duk da cewa jadawalin gwajin da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suke gudanarwa ya tanadi irin waɗannan tambayoyi da gangan. Sai dai su masu binciken, manhajojin AI suke aunawa, ba bayanin kayan aiki ba. Mai auna bayani sai ya bar manhajar yadda take, ya sauya jumla ɗaya, ya sake gwadawa, ya kuma ware wasu buƙatun da ba zai duba ba sai a ƙarshe, don kada ya gyara rubutun ya dace da jarrabawar kawai.

Ƙididdiga kaɗai ba ta wadatar ba. Dole mutum ya zauna ya karanta yadda wakilin ya bi aikin mataki-mataki, domin a nan ne ake gano kayan aiki biyu da bayaninsu ya yi kama har yana ɗaukar wannan a maimakon wancan. Maganin hakan sau da yawa jumla ce da ke faɗin lokacin da bai kamata a yi amfani da kayan ba, da abin da ba ya dawowa da shi, da kuma ko aikin nasa, kamar goge fayil ko aika saƙo, ba ya warwaruwa.

Akwai masu cewa a tsawaita bayani kawai, akwai kuma masu ba wata manhajar ta ba shi maki. Dukkansu suna da amfani gwargwado, sai dai kowane bayani yana cin wuri a cikin iyakar abin da manhajar take iya riƙewa a lokaci guda, kuma idan kayan aikin sun kai gommai, tsawon ya zama nauyi. Makin manhaja kuwa yana nuna abin da aka manta a rubuta, amma ba ya tabbatar da cewa wakilin zai yi daidai.

Sai batun tsaro. A watan Afrilun 2025 masu bincike na kamfanin tsaron AI mai suna Invariant Labs sun nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, wanda manhajar za ta karanta ta bi, alhali mai amfani da ita taƙaitaccen bayani kawai yake gani a allonsa. Saboda haka duk wanda zai haɗa kayan aikin da wani ya rubuta, ya karanta cikakken rubutun da ke isa ga manhajar, ya kuma sake karantawa duk lokacin da aka sabunta shi.