Bamba mai kauri ba ita ce tsira ba

Jama'a da yawa sun ɗauka in ka kai Hilux ko Land Cruiser ɗinka wajen mai walda ya narka maka bamba ta ƙarfe mai kauri shikenan ka tsira, wai ko bango ka daka motar ba za ta lotse ba. To ai lotsewar nan ita ce ke ceton ka. Da gangan kamfani ke ƙera gaban mota ya murƙushe a hankali ya shanye ƙarfin karon, tun 1959 Mercedes ta fara fitar da mota a haka. In ka liƙa ƙarfen da ba ya lanƙwasa kai tsaye a jikin shasi, bugun wucewa yake yi ya iso ƙirjinka da wuyanka, motar ta fito fes kai kuma kana gadon asibiti, ga shi yana iya rikita na'urar da ke buɗe jakar iska ta buɗe a makare. Mai tafiya a ƙasa da ka buge kuwa ba a magana, shi ya sa ma Indiya ta hana irin wannan bamba a 2017.

Kejin ƙarfe na cikin mota, wato bututan da ake haɗawa don kada rufin ya danne mutum in mota ta kife, shi ma haka. 'Yan tsere da ke sa shi da hular kwano suke tuƙi da bel mai ɗaure kafaɗu biyu, kai kuma da hula zanna za ka shiga, mota na wuntsilawa kanka ne zai gwaru da bututun. Kuma don Allah ban da haɗa kejin da fayif ɗin ruwa, a wajen waldar yake tsagewa. Ƙafafun kejin ma sai an yi musu faranti mai faɗi, in ba haka ba huda ƙasan motar kawai za su yi.