Samari, a rage cewa haƙƙin ɗan Adam kayan Turawa ne

Jama'a, musamman ku samarinmu na majalisa, wannan maganar da kuke yawan yi wai haƙƙin ɗan Adam tsarin Turawa ne kawai, don Allah a rage ta. Wanda zai faɗi haka da safe, shi ne da yamma in 'yan sanda suka kwashe ƙaninsa aka kulle kwana biyar ba kotu za ka ji yana ihun an zalunce su. To da wace hujja?

Abin nan fa wahala ce ta haife shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ci miliyoyin rayuka ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna a Paris ranar 10 ga Disamba 1948 ta amince da takardar haƙƙin ɗan Adam ta duniya mai sashe 30, ƙasashe 48 suka ce e, 8 suka ƙi jefa ƙuri'a, ciki har da Saudiyya da Afirka ta Kudu mai wariyar launin fata. Eh, Eleanor Roosevelt ta Amurka ce shugabar kwamitin da ya tsara takardar, amma akwai Charles Malik na Lebanon, akwai Chang na Sin, akwai Hansa Mehta ta Indiya wadda ta dage sai an rubuta yadda mata ma za su shiga ciki. Masar da Pakistan da Iraƙi duk sun ɗaga hannu.

Gaskiya ne mu lokacin muna hannun Ingila da Faransa, ba wanda ya tambaye mu, kuma har gobe manyan ƙasashe na taka dokar in ta zo kan son ransu, wannan ba musu. Amma ai Afirka ta yi nata kundin a 1981, ya fara aiki a 1986, Najeriya ma ta mayar da shi doka. Kuma tun kafin aiko Annabi (SAW) mutanen Makka suka ƙulla Hilful Fudul don tsaya wa wanda aka zalunta, shi da kansa ya halarta kuma ya yaba.

Ku dubi Hadijatou Mani a Nijar, an sayar da ita tana 'yar shekara 12, ta kai ƙasarta ƙara kotun ECOWAS, a 2008 kotu ta ce gwamnati ta gaza kare ta daga bauta, a biya ta sefa miliyan 10. Mace ce daga karkara, ba ta da uban gida a gwamnati.

Inda na fi jin haushinmu shi ne, an ce ɓarawon waya a kasuwa, kafin ka ce kwabo an taru da duwatsu da taya da fetur, wasu na ɗaukar bidiyo, ba shaida ba alƙali. Yaron nan yana da haƙƙin rai da na a saurare shi, irin naka sak. Ku sauke Babi na 4 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 a waya ku karanta, sashe na 33 kan rai, na 36 kan shari'ar adalci, na 35 kuma ya ce in an kama mutum a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu in kotun na da nisa.