Kwafin halitta: kafin a sami Dolly, nawa aka zubar?

Ana yawan tuna Dolly, tunkiyar da aka kwafo daga ƙwayar halittar wata tunkiya, aka haife ta a cibiyar bincike ta Roslin da ke Scotland a Yulin 1996, amma ba a cika tuna abin da aka yi asara kafin a same ta ba. Ian Wilmut da abokan aikinsa sun ɗauko ƙwayar halitta daga hantsar wata tunkiya, suka haɗa ta da ƙwan wata da aka zare wa nata gadon halittar. Sau 277 suka yi haka. Guda 29 ne suka kama har aka dasa su a mahaifar wasu tumaki, ɗaya tal ta zo duniya da rai.

Bayan shekara ashirin da ɗoriya lissafin bai sauya sosai ba. A 2018 masana a Shanghai suka sanar da kwafin birai biyu, Zhong Zhong da Hua Hua, bayan an dasa 'yan tayi a mahaifar birai mata 21.

To, a mayar da wannan lissafi kan ɗan Adam. Kowace lamba a ciki mace ce da za ta ɗauki ciki, ta yi laulayi, sannan ta yi ɓari ko ta haifi jaririn da ba zai kwana ba. Ƙwan ma a jikin mata za a samo shi, kuma mun ga yadda hakan ke kasancewa: Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu, wanda ya yi iƙirarin kwafin ɗan tayin mutum a 2004, har ƙwan ƙananan ma'aikatansa mata ya yi amfani da shi, daga baya kuma aka gano sakamakon nasa ƙirƙira ce.

Wanda ɗansa ya rasu yake mafarkin dawo da shi, ina tausaya masa, amma kwafi ba zai ba shi wannan ba. Kyanwar farko da aka kwafa a Texas a 2001 ko launin gashinta bai zo daidai da na wadda aka kwafo ba, balle hali. Ga kuma batun nasaba: wanda aka kwafo daga jikin mutum, ɗansa ne ko ɗan tagwayensa? Da wane matsayi zai ci gado? Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi (OIC) ta haramta kwafin mutum a zamanta na Jidda a 1997, ta halatta na dabbobi da tsirrai bisa sharuɗɗa, kuma a ganina ta yanke daidai.

Sai dai halaccin na dabbobi bai hana mu tambayar amfaninsa ba. Ceto nau'in da ke gab da ƙarewa hujja ce mai ƙarfi. Amma tun haihuwar Injaz, raƙumar farko da aka kwafa, a Dubai a 2009, kasuwar ta fi karkata ga raƙuman tsere da na gasar kyau, da dawakin folo a Ajantina, da karnukan attajiran da ba sa son rabuwa da su.