Ranar da allo ya ƙi karɓar kuɗin Alhaji

Ƙungiyar ci gaban garinmu, can cikin ƙasar Ringim, rabin 'ya'yanta ba sa gida. Wasu na Legas, wasu na Fatakwal, mutum ɗaya na Jidda. Da aka tashi haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, sai taro ya koma Zoom: dattawa su haɗu a gindin darbejiyar makarantar firamare, inda sabis ya fi kamawa, 'yan ci-rani kuma su shigo ta waya. Ni ne magatakarda, don ni kaɗai ke da kwamfuta.

Lissafin gudummawa a Miro muke ajiye shi. Farin allo ne a intanet, kowace unguwa da gurbinta, kowane mutum da 'yar takardarsa. Kore ya biya, rawaya ya yi alkawari, ja kuwa ba a cika son tattauna shi ba. In taro ya zauna sai in haska allon kowa ya ga launinsa.

Abin da ya ishe ni shi ne hidimar kafin taro: a tsara shi, a kwafo mahaɗi, a shirya wurin rubuta shawarwari, a sanar da jama'a. Sai na ɗauko Zapier, wanda aikinsa dillanci ne tsakanin manhajoji. Ka ce masa "in kaza ta faru a can, yi kaza a nan", shi ke nan. Tsarin kyauta mataki biyu kawai yake ba ka, abin da zai tayar da aikin da kuma aikin kansa, ga ayyuka 100 a wata. Saboda haka na ɗaura igiya biyu. Ta farko: duk lokacin da aka tsara sabon taro a Zoom, a buɗe sabon allo a Miro da sunan taron. Ta biyu: a tura imel mai ɗauke da mahaɗi da lokaci. Da yake a garinmu imel ba abin dubawa ba ne, ɗan yayata ne ke kwafe saƙon ya zuba a zauren WhatsApp, ladansa katin ɗari biyu.

Na tsara taro ranar Laraba, huɗu da rabi, bayan La'asar.

Uku da kwata ina tsaka da cin ɗanwake sai ga kiran Shugaba. "Kai ɗan nan, muna nan zaune tun ɗazu, kai muke jira." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai da saura." Ya ce in duba abin da na aiko da hannuna. Na duba. Yaron ya kwafo 15:30:00Z, ya ga lamarin ya yi wa dattawa tsauri, ya fassara musu: uku da rabi daidai.

Wannan harafin Z na ƙarshe shi ne maganar. Zoom ba da agogon garinku yake miƙa wa wata manhaja lokaci ba, da agogon duniya na UTC yake miƙawa, kuma Nijeriya tana gaban wannan agogo da awa ɗaya. Huɗu da rabinmu uku da rabinsu ne. Kowa ya faɗi gaskiya, amma Baba Liman na zaune kan benci yana tambayar wane mai hankali ne ya sa taro a bakin lokacin salla. Na ce, "Allah gafarta Malam, agogon Ingila ne." Ya ce to mutanen Ingila su zo su haƙa rijiyar.

Mutumin Jidda shi ma ya yi nasa lissafin. Ya san Saudiyya na gabanmu da awa biyu, ya ɗora a kan uku da rabi, ya shigo biyar da rabi nasu, ya zauna shi kaɗai yana kallon fuskarsa har awa guda.

Aka yi salla, aka fara. Taron kyauta a Zoom minti 40 ne, mu kuwa gaisuwa kaɗai takan ci ashirin, don sai an tambayi na Legas ya ruwa, an tambayi na Fatakwal ya iyali, an yi wa wanda ya rasa goggonsa ta'aziyya. Ma'aji na buɗe baki zai karanta lissafi taro ya yanke. Na tsara wani nan take, na tura mahaɗin da kaina, aka dawo. Da yake waɗansu sun ɓace a hanya, sai aka sake gaisawa. Ya kuma yankewa, na kuma tsarawa.

Zapier na can yana aikinsa bilhaƙƙi. A tsarin kyauta ba nan take yake ji ba, duk bayan minti 15 yake leƙa Zoom ya ga ko da sabon abu. Don haka muna tsakiyar zama na biyu imel ya sauka, yaron ya ga sabon saƙo, ya tuna da katinsa, ya zuba a zaure: "Sanarwa, akwai wani taron." Mutum uku suka fita daga taron don su je taron. Ɗaya daga cikinsu ya dawo yana cewa wancan ɗin ma mu ne.

Babban abin yana zama na uku. Alhaji na Fatakwal, wanda takardarsa ta daɗe tana ja har ta zama abin kwatance, ya gyara murya ya ce ya turo naira dubu hamsin yanzun nan, a mai da shi kore kowa na gani. Ma'aji ya ga kuɗi sun shigo. Na kai hannu kan takardar Alhaji, ta ƙi motsi. Na danna launi, babu. Allon gaba ɗaya ya koma na kallo kawai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya karanta sharuɗɗa. Miro na kyauta allo uku yake bari a yi rubutu a kansu, kuma ukun da aka buɗe a baya-bayan nan. Taro uku a yammaci ɗaya, allo uku sababbi fil, babu ko ɗigo a kansu. Allon lissafinmu ya zama na huɗu, ya kulle. Amma je ka yi wa mutumin da ya rabu da dubu hamsin wannan bayani, alhali mutum talatin na kallon sunansa ja wur. Alhaji ya ce dama ya sani, tun rigimar filin idi akwai masu ƙullinsa. Kawuna ya matso kusa da kunnena, a zatonsa raɗa yake yi, ga makirufo a buɗe: "In kai ka ci, faɗa min tun muna mu biyu."

Gyaran bai kai tsawon rigimar ba, sai dai yana da tsari. A fara kashe igiyar farko a Zapier, in ba haka ba kana sharewa yana haifowa. Sannan a goge allunan da ba komai a kansu. Da adadin ya sauko, tsohon allo ya buɗe da kansa. Na mai da Alhaji kore, na ƙara wa takardarsa girma ta fi ta kowa, ya ce shi dama bai zargi kowa ba.

Yanzu igiyar farko ba ta buɗe allo. Kati ɗaya take liƙawa a gefen allon da muke da shi, mai sunan taro da mahaɗinsa, shawarwari kuma a rubuta a ƙarƙashinsa. Maganar lokaci, Zapier na da matakin juya agogo zuwa na Legas, amma wannan mataki na uku ne, sai an biya, Ma'aji kuwa ya ce kuɗin rijiya ba za su tafi gyaran agogo ba. Sai na cire gurbin lokaci daga imel ɗin ɗungurungum, nake rubuta shi cikin sunan taron: "Taron rijiya, Laraba, 4:30 bayan La'asar, Jidda 6:30." Suna rubutu ne tsagwaronsa, yadda ka sa shi haka zai isa. Zama na biyu da na uku ma tun da safe nake tsara su, 5:10 da 5:50, domin imel ukun su sauka tare tun kafin azahar, kada wani ya sake fita neman mu. Hakan na cin ayyuka shida cikin ɗarin, ko kusa ba ma ƙure su.

An kuma yanke cewa gaisuwa a zama na farko kawai za a yi. Baba Liman bai amince ba, ya ce zai duba.

Yaron kuwa ya kawo ƙorafi a rubuce. Ya ce yarjejeniya katin ɗari biyu ne kowane saƙo, yanzu kuma saƙo uku yake kwafewa. Ma'aji ya karanta, ya ninke takardar, ya ce a liƙa masa rawaya.